Ahmad Baba: malamin Tumbuktu da aka kai Maroko a ɗaure, ya zama malamin alƙalanta

A watan Oktoba na shekarar 1593, sojojin Maroko da ke riƙe da birnin Tumbuktu sun tara manyan malaman garin a masallacin Sankore, da sunan za a sabunta mubaya'a ga sarkin Marakesh. Da malaman suka hallara sai aka rufe ƙofofi aka kama su. An kashe wasu a kan hanyar kai su gidan tsaro, aka wawashe gidajensu, aka kwashe littattafansu. Cikin waɗanda aka ɗaure a ranar akwai wani malami da bai cika shekara 40 ba, mai suna Ahmad Baba. Shekaru kaɗan bayan haka, alƙalan manyan biranen Maroko ne ke zaune a gabansa suna ɗaukar darasi, a babban birnin sarkin da ya sa aka kamo shi.

A kowace shekara matasa daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai na neman gurbin karatun addini a Jami'ar Musulunci ta Say, ko a Azhar, ko Madina, ko jami'o'in Maroko. Da yawansu na da burin wata rana su tsaya gaban ɗalibai a matsayin malaman jami'a. Rayuwar Ahmad Baba, wanda ya yi wannan aiki shekaru fiye da 400 da suka wuce, tana nuna abin da sana'ar ta ginu a kai, da kuma abin da kan rage wa malami idan aka raba shi da gidansa da littattafansa da ƴancinsa.

Gidan alƙalai da littattafai

An haifi Ahmad Baba a ranar 26 ga Oktoba 1556, a cikin iyalin Aƙit, wani gida na Sanhaja da ya yi fice a Tumbuktu. A lokacin birnin na ƙarƙashin daular Songai, wadda Askiyoyi ke mulki daga Gawo. Kusan tsawon ƙarni na 16 duka, alƙalancin Tumbuktu a hannun wannan gida yake. Alƙali Mahmud ɗan Umar ya riƙe muƙamin daga 1498 zuwa 1548, sannan ƴaƴansa uku, Muhammad da al-Aƙib da Umar, suka biyo bayansa ɗaya bayan ɗaya. Al-Aƙib ne ya sake gina masallacin Sankore, inda ya auna farfajiyarsa daidai da girman ɗakin Ka'aba.

Kakan Ahmad Baba, Alhaji Ahmad ɗan Umar, ɗan'uwan Alƙali Mahmud ne. Ya yi aikin hajji a 1485, ya haɗu da Imam Suyuɗi a Masar, kuma a kan hanyarsa ta dawowa ya zauna a Kano da wasu garuruwan yankin yana karantarwa. Da ya rasu ya bar littattafai wajen 700, da yawa daga ciki da hannunsa ya kwafe su. Mahaifin Ahmad Baba, shi ma sunansa Ahmad, malamin hadisi ne da ya shafe shekaru yana karanta Buhari da Muslim a masallacin Sankore. A 1583, yana tsakiyar karanta Sahihu Muslim harshensa ya yi nauyi, wani malami da ke zaune a gabansa ya yi masa alama da ya dakata. Bai daɗe ba ya rasu. Malamin da ya yi masa alamar shi ne Muhammad Bagayogo, mutumin da ya fi kowa tasiri a karatun ɗansa.

Yadda ake zama malami a Sankore

Ana yawan kiran Sankore jami'a, kuma ta fuskar zurfin karatu sunan ya dace. Sai dai tsarinta ya bambanta da na jami'o'in yau. Babu shugaban jami'a, babu ofishin rajista, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Sankore masallaci ne da unguwar da ke kewaye da shi, inda malamai ke karantarwa a harabar masallaci da kuma zaurukan gidajensu. Wanda ya san karatun zaure a ƙasar Hausa ya san tsarin: ɗalibi ya zo da littafinsa, ya karanta, malam ya gyara masa ya yi sharhi, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Takardar shaidar wannan tsari ita ce ijaza. Idan malami ya gamsu ɗalibi ya fahimci wani littafi, sai ya ba shi izinin karantar da shi, ya rubuta masa sunan wanda shi ma ya karanta a wurinsa, da malamin wancan, har silsilar ta kai ga mawallafin littafin. Saboda haka darajar malami na tafe ne da sunayen malamansa da kuma littattafan da ya sauke. Duk garin da ya shiga, daga Jenne zuwa Alƙahira, masana za su iya duba silsilarsa su san matsayinsa.

Ta ɓangaren abin rufin asiri, malaman Tumbuktu sun dogara da dukiyar iyali, da kasuwanci, da kwafar littattafai, da kuma kyaututtukan attajirai da sarakuna. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ziyarci birnin a farkon ƙarni na 16, ya kuma ba da labarin cewa sarki na ɗaukar nauyin alƙalai da malamai da yawa, sannan littattafan da ake kawowa daga arewacin Afirka sun fi kowace haja riba a kasuwar garin. Wannan kusanci da fada shi ne ya riƙa ciyar da ilimi, shi ne kuma ya zama abin da Ahmad Baba ya fi jin tsoro a kan malamai.

Shekara goma a gaban Bagayogo

Ahmad Baba ya fara karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abubakar, amma babban malaminsa shi ne Muhammad Bagayogo, Bawangare ɗan asalin Jenne. Ya lizimce shi fiye da shekara goma. Daga baya ya rubuta tarihin malamin nasa, kuma wannan rubutu na cikin abubuwan da suka fi bayyana yadda ranar aikin babban malami take a Afirka ta Yamma a wancan zamani.

Bagayogo kan fara karantarwa bayan sallar asuba har hantsi. Daga nan wani lokaci ya je wurin alƙali don yi wa wani ceto ko sasanta masu rigima. Sai ya dawo ya ci gaba da darasi a gidansa har azahar, ya ja salla, ya sake zama har la'asar. Bayan la'asar ya tafi wani wuri ya karantar har kusan faɗuwar rana, bayan magariba kuma ya yi darasi a masallaci har isha. Yana da haƙuri da ɗalibin da ba ya saurin ganewa, yana maimaita masa ba tare da nuna ƙosawa ba, har mutane ke cewa tabbas ya sha ruwan Zamzam ne da niyyar kada ya gaji da koyarwa. Yana ba da aron littattafansa masu tsada ga duk ɗalibin da ya nema, ko da bai san shi ba, kuma ba ya bin sawu. Wata rana Ahmad Baba ya je neman littattafan nahawu, sai malamin ya shiga ya bincike ɗakin littattafansa ya fito masa da duk abin da ya samu a kan fannin. Da sarki ya matsa masa ya karɓi alƙalanci, ƙi ya yi.

A gabansa Ahmad Baba ya sauke Muhtasar na Halil, wanda malaman ƙasar Hausa ke kira Lauwali da Sani, kusan sau takwas. Ya karanta Muwaɗɗa ta Imam Malik, ya yi shekara uku a kan Tashil na Ibn Malik a fannin nahawu, ya karanta usulul fiƙihu na Subki, da Alfiyyar Iraƙi a ilimin hadisi, da tauhidin Sanusi, da Hikam na Ibn Aɗa'illah, da wasu da dama. Da ɗalibin ya fara nasa rubuce-rubucen, Bagayogo ya duba su ya yaba da hannunsa, har ma ya kwafi wasu daga cikin binciken yana ambatarsu a darasinsa. Ahmad Baba ya ɗauke shi a matsayin mujaddadin ƙarni na goma na hijira.

Littafi kan ƙofar masu mulki

Tun yana ɗan shekara talatin da ƴan kai, wajen 1588, Ahmad Baba ya rubuta wani littafi mai suna Jalbun Ni'ima, wanda ke jan kunnen malamai su nisanci azzaluman masu mulki. Ya tattaro ayoyi da hadisai da labaran magabata don nuna cewa malamin da ya mayar da fada wurin zamansa yana sayar da ƴancinsa na faɗin gaskiya, kuma zamansa a wurin kan sa talakawa su ɗauka zalunci halal ne. Ya rubuta wannan ne alhali gidansu na cikin gidajen da Askiyoyi ke girmamawa da yi wa alheri, lamarin da ke nuna cewa da kansa da danginsa ya fara gargaɗin.

Ba a jima ba aka gwada shi. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda ya hau mulki a 1578, ya daɗe yana jayayya da Songai a kan ma'adinin gishiri na Tagaza, yana kuma kwaɗayin zinariyar da ke fitowa daga kudu. A ƙarshen 1590 ya tura runduna ta kusan mutum 4,000 ɗauke da bindigogi ƙarƙashin Judar Basha, suka ƙetare Sahara. A watan Maris na 1591 suka gwabza da dakarun Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, arewa da Gawo. Songai sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma da masu da kibau suka zo. Garken shanun da suka kora kan abokan gaba ya firgita da ƙarar bindiga ya juyo kansu. Daular ta faɗi, Gawo da Tumbuktu da Jenne suka shiga hannun Maroko, ragowar Songai kuma suka ja zuwa Dendi, yankin da wani ɓangarensa ke kudu maso yammacin Nijar a yau, inda Askiya Nuhu ya ci gaba da turjiya na tsawon shekaru.

A Tumbuktu malamai ne suka rage a matsayin shugabannin da jama'a ke saurare. An yi bore a garin, Alƙali Umar ya aika wakilai Marakesh su kai kukan cin zarafin da sojoji ke yi, sabon kwamandan mamaya Mahmud ɗan Zarƙun kuma ya ɗauki iyalin Aƙit a matsayin tushen turjiyar. Wannan ne ya kai ga kamun da aka yi a masallacin Sankore. Bagayogo yana wurin a ranar, amma ba ya cikin waɗanda aka tafi da su. Ganin ƙarshe ke nan tsakanin malami da ɗalibinsa. A 1594 Bagayogo ya rasu a Tumbuktu, labari ya iske Ahmad Baba yana tsare a wata ƙasa.

Daga kurkuku zuwa kujerar karantarwa

Bayan wata biyar a tsare, a watan Maris na 1594 aka fita da fursunonin, maza da mata da yara, aka nufi arewa da su cikin sarƙa. A kan hanya Ahmad Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karya ƙafa. Sun isa Marakesh a watan Mayu, a farkon azumin Ramadan. Alƙali Umar, wanda tsoho ne, ya rasu a can ba da jimawa ba. Ahmad Baba ya ce littattafansa 1,600 aka kwashe, kuma duk da haka shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a cikin danginsa.

Ya yi shekara biyu a tsare. A 1596 aka sake shi bisa sharaɗin ba zai bar Marakesh ba. Masanin tarihin Maroko al-Ifrani ya ruwaito yadda ganawarsa da al-Mansur ta kasance. Sarkin ya saba magana da mutane daga bayan labule, sai Ahmad Baba ya ƙi cewa komai, ya tuna masa cewa Allah ne kaɗai ke magana da ɗan Adam ta bayan shamaki, don haka in yana da magana ya yaye labulen. Sarkin ya yaye. Malamin ya tambaye shi dalilin wawashe masa dukiya, da watsar masa da littattafai, da jawo shi cikin mari tun daga Tumbuktu har ya karye. Al-Mansur ya amsa cewa so yake ya haɗa kan Musulmi ƙarƙashin shugaba ɗaya. Ahmad Baba ya tambaye shi abin da ya hana shi farawa da Turkawan da ke Tilimsan, tunda sun fi kusa da shi. Turkawa dai na da bindigogi, Songai ba su da su.

Malaman Marakesh sun riga sun ji labarin iliminsa, suka matsa masa ya buɗe darasi. Ya zauna a masallacin Shurafa yana karantar da Muhtasar, da Tashil, da Alfiyyar Iraƙi, da Buhari da Muslim, da Muwaɗɗa, da Ashafa ta Alƙali Iyad, wato kusan jerin littattafan da ya sauke a Tumbuktu. Cikin masu halartar darasinsa akwai alƙalin Fas, Ibn Abi Nu'aim al-Gassani, da alƙalin Miknas, Ahmad Ibnul Ƙadi, wanda shi ma marubucin tarihi ne. Al-Maƙƙari ɗan Tilimsan, wanda daga baya ya rubuta shahararren tarihin Andalus mai suna Nafhuɗ Ɗib, ya same shi a can ya karɓi ijaza daga hannunsa. Tambayoyin fatawa kuma suka riƙa zuwar masa daga sassa daban-daban.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne, manhajar Tumbuktu da ta Fas da ta Marakesh ɗaya ce, duk ƴan mazhabar Malikiyya ne masu karatu da Larabci, kuma silsilar malamansa sananniya ce a wurinsu. Littattafansa na hannun wasu, amma wanda ya sauke littafi sau takwas a gaban malami ba ya bukatar riƙe shi kafin ya yi sharhinsa. Masu sauraronsa manyan alƙalai ne da za su gane kuskure nan take, kuma sun ci gaba da zuwa.

Littafin da ya adana sunayen malaman Takedda

A Marakesh ne ya kammala aikinsa mafi shahara, Nailul Ibtihaj, a 1596. Littafi ne na tarihin malaman Malikiyya wajen 800, wanda ya yi don cike giɓin da littafin Dibaj na Ibn Farhun ya bari. A 1603 ya taƙaita shi ya kuma yi masa ƙari a wani littafin mai suna Kifayatul Muhtaj, inda ya saka har da tarihin kansa. Har yau masu bincike a jami'o'i na komawa ga waɗannan littattafai biyu idan suna neman tarihin malaman Magrib da Andalus da Masar.

Ga mutanen Afirka ta Yamma, muhimmancin littafin ya wuce haka. Ahmad Baba ya jera malaman ƙasarsa a shafuka ɗaya da manyan malaman Fas da Tunis da Alƙahira, da ma'auni ɗaya. Ta hanyarsa ne aka san abubuwa da yawa game da al-Aƙib al-Anusammani, malamin garin Anu Samman da ke kusa da Takedda a arewacin Nijar ta yau, wanda ya yi karatu wurin Magili da Suyuɗi, da kuma al-Najib na Takedda, wanda ya yi sharhin Muhtasar. Haka nan ya kawo tarihin Muhammad al-Tazahti da ya zama alƙalin Katsina, da Mahluf al-Bilbali da ya karantar a Kano da Katsina. Abdurrahman al-Sa'adi, marubucin Tarihus Sudan, ya ɗebo tarihin malaman Tumbuktu daga wurinsa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amfana da shi a cikin Infaƙul Maisur.

Komawa gida da fatawar bayi

Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603, ƴaƴansa suka shiga yaƙin gadon sarauta. Ɗaya daga cikinsu, Maulay Zaidan, ya ba Ahmad Baba izinin komawa. Duk da girman da ya samu a Marakesh, bai zaɓi zama ba. A kan hanya ya yada zango a Tamgrut a 1607, inda ya amsa tambaya a kan taba, wadda a lokacin sabon abu ce a yankin. Ya yi fatawar cewa ba ta cikin abubuwan sa maye don haka halal ce, ra'ayin da wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa, kuma an yi shi ne ƙarnoni kafin likitoci su gano cutarwar da take yi. Ya isa Tumbuktu a 1608, bayan shekara 14. Marubutan tarihin garin sun ce cikin malaman da aka tafi da su, shi kaɗai ya dawo.

Garin da ya tarar ya canza. Manyan malamai sun mutu ko sun watse, mulki na hannun sojojin da suka gaji mamaya. Ya koma ga abin da ya sani, karantarwa da fatawa. A 1615 wasu mutanen Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, suka aiko masa da tambayoyi a kan baƙaƙen fatar da ake kawowa kasuwanninsu ana sayarwa. Amsar da ya ba su ita ce littafin Mi'irajus Su'ud. Ya bayyana cewa launin fata ba ya halatta bautar da mutum, kuma babu bambanci tsakanin baƙi da fari a wannan hukunci. Ya yi watsi da labarin da ake yaɗawa cewa baƙaƙe jikokin Hamu ɗan Annabi Nuhu ne da aka la'anta su zama bayi, yana mai kafa hujja da Suyuɗi da Ibn Haldun. Ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno da Gobir da Songai a matsayin Musulmi ƴantattu da bai halatta a mallake su ba. Ya kuma goyi bayan hukuncin Alƙali Mahmud, cewa idan wanda aka kamo daga irin waɗannan ƙasashe ya ce shi ɗa ne, a karɓi maganarsa a raba shi da mai riƙe da shi, har sai shi mai riƙewar ya kawo hujja.

Fatawar tana da iyakarta. Ahmad Baba bai yi kira da a soke bauta ba. Ya tsaya a kan fiƙihun zamaninsa, wanda ya yarda da bautar da wanda ba Musulmi ba idan an kama shi a yaƙi, har ma ya lissafa wasu al'ummomin yankin da ya saka a wannan rukuni. Duk da haka, mutumin da aka taɓa ja cikin sarƙa a kan hanyar Sahara ya yi amfani da matsayinsa na malami wajen rushe hujjar masu ganin duk baƙar fata bawa ne. Kusan shekara 200 bayan haka, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir, ya riƙa kafa hujja da wannan littafi a rubuce-rubucensa. Ga ƴan ci-rani da suka san yadda ake kallon baƙar fata a wasu garuruwan arewacin Sahara, tambayar da mutanen Tuwat suka yi ba ta tsufa ba.

Abin da ya bari

Ahmad Baba ya rasu a Tumbuktu ranar 22 ga Afrilu 1627, yana da shekara 70. Ya bar littattafai da risaloli sama da 40, a fannonin fiƙihu da nahawu da tarihin malamai, ciki har da Tuhfatul Fudala, wanda ya rubuta a kan falalar ilimi da masu koyar da shi. A 1973 aka buɗe cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce a Tumbuktu da sunansa. A watan Janairu na 2013, lokacin da ƴan bindigar da suka mamaye arewacin Mali ke ficewa daga garin, sun ƙona rubuce-rubuce kusan 4,000 a sabon ginin cibiyar. Mafi yawan taskar ta tsira, domin ma'aikata da iyalai masu ɗakunan littattafai sun riga sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako.

Hanyar zama malamin addini a jami'a ta canza. Yau sai mutum ya bi matakan lisansi da masta da digirin dokta, ya wallafa bincike, sannan ya jira a buɗe gurbi. Albashi ya maye gurbin kyautar attajirai, hukumar jami'a ta maye gurbin ijazar malami guda. Sai dai matsalolin da Ahmad Baba ya fuskanta suna nan. Takardar digiri tana buɗe ƙofar aji, amma ɗalibai kan gane cikin ƴan makonni ko malaminsu ya sauke littafin da yake karantarwa ko kuwa taƙaitawarsa kawai ya haddace. Masu mulki da masu kuɗi, na gida da na waje, har yanzu suna son malamin da zai sa musu albarka, kuma wanda abincinsa ya rataya a hannunsu yakan sha wuya kafin ya ce musu a'a. Wanda ya yi karatu a waje kuma yakan tsaya a gaban zaɓin da Ahmad Baba ya tsaya a 1607, ko ya zauna inda ake girmama shi, ko ya koma garin da ya fi bukatarsa amma ba shi da abin ba shi.

Akwai kuma aikin da ya fara wanda bai ƙare ba. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, wanda ya samo asali daga tarin da Boubou Hama ya yi, yana ɗauke da dubban takardu na malaman wannan ƙasa, wasu kuma suna nan a cikin akwatunan iyalai a Agadas da Damagaram da Say. Da yawan marubutansu ba a rubuta tarihinsu ba tukuna, kamar yadda Ahmad Baba ya rubuta na al-Aƙib da al-Najib yana zaman dole a Marakesh. Littattafan da ya sauke a gaban Bagayogo kuwa, Muhtasar da Muwaɗɗa da sauransu, har gobe ana buɗe su bayan sallar asuba a zaurukan Maraɗi da Tawa.